Wanda Ya Amsa Sunan Dogo

Takardar lauyan ta iso ranar Talata da hantsi, lokacin Injiniya na tsugune gaban wani keken ɗinki da ta farke cikinsa, hannuwanta duk mai. Ta nuna wa mai babur ɗin da ya kawo takardar benci da haɓa, ya ajiye ya tafi. Kada a yi mata ƙarya, ba ta taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Teloli ne suka liƙa mata sunan tun tana budurwa, don keken da ya gagari maza uku ita take tayar da shi kafin mai shi ya gama ba da labarin yadda ya lalace. Shekara talatin da biyar ke nan tana shagon nan da ta gada wurin mahaifinta, shi kuma ya gada wurin nasa. A saman ƙofa akwai allo mai koren fenti da rana ta cinye: DOGO DA 'YA'YANSA, GYARAN KEKEN ƊINKI.

Allon nan ya sha ba mutane dariya, don duk zuri'ar gidan babu mai kaiwa kantar sama sai ya taka kujera. Su ma sun saba, har sukan riga baƙo yin barkwancin.

Ƙanenta ne ya karanta mata takardar da ya biyo ta shagon bayan an tashi daga makaranta. Malami ne, shekararsa hamsin da biyu, furfura har gemu, amma Auta ake ce masa kuma da alama a Auta zai tsufa. Ya fara karatun da muryar aji, ya ƙare da muryar wanda aka ritsa da laifi. Iyalan Dogo na gidan bene, can tsallaken gada, sun yi wa sunan rajista saboda gidauniyar da za su buɗe don tunawa da kakansu. An ba shagon kwana talatin a sauke allo. A ƙarshen shafin kuma lauyan ya ƙara da cewa binciken iyalin ya tabbatar kakan masu shagon bara ne a gidan, ya ari sunan ne ba da izinin kowa ba.

"Sake karanta min wurin nan," in ji Injiniya.

"Yaya, ai kin ji."

"Na ce ka sake."

Ya sake. Ta goge hannunta da tsumma yatsa bayan yatsa. Wanda ya san ta ya san gara ta yi faɗa da ta fara goge hannu irin haka.

A garin nan ko yaron da bai iya wanke fuska ba ya san labarin Dogo. A zamanin Turawan mulki, da za a gina babbar gada, an kwashi maza daga gidaje aka kai su aikin dole. Ana cikin aikin, wata rana aka zane wani tsoho da ya faɗi da kaya a ka. Sai Dogo, ɗan babban attajirin garin, ya sauke kwanon ƙasar da ke kansa, ya kife shi, ya zauna a kai. Mutum ɗari uku suka zauna tare da shi. Kwana huɗu ba a ɗaga ko tsakuwa ba. Aka yi masa bulala, aka ɗaure shi, amma daga ranar ba a sake dukan kowa a wurin aikin ba. Jikansa, wani tsohon darakta da ya yi ritaya, shi ke ba da labarin nan a rediyo duk shekara, kuma in ya zo wurin bulalar muryarsa har rawa take yi.

Ita Injiniya ba ta taɓa cewa suna da rabo a labarin ba. Ta ɗauka suna ne ya zo ɗaya, kamar yadda ake samun teloli biyu masu laƙabi guda a layi ɗaya. Nata Kakan ɗan guntun mutum ne mara surutu, mai yatsu uku a hannun hagu, wanda yake zura zare a allura da yatsun nan ba tare da ya duba ba. Tana 'yar shekara shida ta riƙa riƙe hannun in za su tsallaka titi, kuma har yau tana jin yadda ya yi daidai da tafinta.

"Mu sauke kawai," in ji Auta. "Mu rubuta Injiniya da 'Yan'uwanta. Ai ke ake zuwa wa, ba allo ba. Mutanen nan suna da lauyoyi, mu muna da me?"

"Muna da Gwaggo. Rufe shagon."

Gwaggo ƙanwar mahaifinsu ce, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Shekararta tamanin da takwas, kunnenta kuma yana da zaɓi: ba ya jin maganar asibiti, amma ko raɗa aka yi da sunanta a ɗaki na uku sai ta amsa. Suka same ta a kan kujerarta kusa da taga tana warware wani tsohon saƙa. Ta saurari takardar har ƙarshe.

"To, ba su yi ƙarya duka ba," ta ce. "Baba ya yi aiki a gidan. Maraya ne, yana yaro aka kai shi. Shi ke ɗebo musu ruwa, shi ke shara."

Ba haka Injiniya ta so ji ba. Ta zo ne a ce mata ƙarya ne, ta samu abin da za ta je ta watsa musu a fuska.

"Sunan fa, Gwaggo? Aro ya yi?"

"Ni dai da shi na buɗe ido na gan shi. Da shi aka sa mu makaranta, da shi aka binne shi."

"Yatsun fa?"

"Ya ce ƙarfe ne ya ci. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan. Mutumin da sai ya yini bai yi magana goma ba, wa zai tsare shi da tambaya?" Ta miƙo hannu. "Ba ni mabuɗin shagon."

Injiniya ta miƙa mata. Mabuɗin yana rataye ne jikin wani faifan tagulla mai huji, wanda hannaye suka goge har ya yi santsi. Shekara talatin da biyar tana jefa shi cikin jaka safe da yamma, ba ta taɓa ɗaukarsa komai ba sai abin da ke hana mabuɗi ɓata. Gwaggo ta juya shi wajen haske. Akwai lamba a jiki, ta kusa shafewa amma tana karantuwa: ɗari huɗu da sha bakwai.

"A wuyansa yake muna yara, da igiyar fata. Ko wanka zai yi ba ya cirewa. Sai da ya buɗe shagon ya mayar da shi nan. Ki je ki tambayi wannan, ya riga ni sanin Baba."

Auta ne ya ce irin lambar nan ta Turawan mulki ce, kuma in akwai inda za a san ta, to gidan adana tsofaffin takardun gwamnati ne. Ya faɗa ne don a ce ya yi ilimi, bai san ya jawo wa kansa rakiya ba.

Gidan takardun wani dogon gini ne a bayan kotu, mai tagogi can sama da warin tsohuwar takarda. Mai tsaron wurin dattijo ne siriri mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ranar farko ya ce su cike fom su dawo. Ranar biyu ya ce wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin ciki ya je asibiti. Injiniya ta ce ba komai, za ta jira, ta zauna a benci. A kan teburinsa akwai fanka da ke ƙara kamar ana jan gado a siminti, tana juyawa rabi ta tsaya. Ta daure na minti ashirin, sannan haƙurinta ya ƙare. Ta ciro sukudireba da 'yar kwalbar mai daga jaka, ta zare fulogin ba tare da ta nemi izini ba. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, ya ga har ta cire murfi, ya mayar da bakinsa. Da ta mayar da fulogin, fankar ta tashi lumui, takardun teburin suka fara kaɗawa.

"Shekara huɗu ina rubuta wa ofis a kan fankar nan," ya ce. Ya jawo aljihun tebur, ga mabuɗin ɗakin ciki kwance abinsa. "Me kika ce kina nema, Hajiya?"

Ta ɗora faifan tagullar a gabansa. Ya sauko da tabarau na biyu ya duba, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da tsohon maƙwabci.

"Ma'aikatan gada. Biyo ni."

Littafin da ya sauko da shi sai da Auta ya kama masa. Bangonsa ya ɓare, gefen shafukan ya zama ruwan ƙasa. Yana buɗewa a hankali yana yi musu bayani. Turawan sun ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, kuma sun riga sun rubuta sunayen tun daga ofis. Ranar ɗiba, akawu zai tsaya a fili ya kira suna, wanda ya amsa a rataya masa lamba, a auna tsawonsa, a rubuta. Akawun suna yake kira, ba ya duba fuska, kuma in an ɗan gaishe shi ma sai ya ƙara sunkuyar da kai. Saboda haka masu hali ba sa tura 'ya'yansu. Bara suke turawa ya amsa a madadin ɗan gida. Daga ranar kuma shi ke nan, da sunan zai karɓi abinci, da shi za a sallame shi, da shi za a ba shi takardar shaida, wadda in babu ita ba aiki, ba tafiya, ba sa yaro a makaranta.

Yatsansa ya tsaya a tsakiyar wani shafi. Rubutun da yaren Turawan ne, da irin hannun nan mai kwanciya gefe, sai shi ya riƙa fassara musu.

"Ɗari huɗu da sha bakwai. Suna, Dogo, ɗan attajiri. Tsawo..." Ya tashi ya je jikin bango ya sa hannu daidai kafaɗarsa. "Nan."

Auta ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita duka ba.

"A wata na biyu ƙarfen gada ya faɗo masa a hannun hagu. Ya rasa yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. An mayar da shi aiki bayan kwana tara." Dattijon ya matso da littafin wajen haske. "Sauran da jan tawada ne. Ya ƙi aiki, ya zuga sauran suka zauna. Bulala ashirin da huɗu. Ɗaurin wata shida."

Injiniya ta dafa teburin. Ta tuna Kaka bai taɓa cire riga a gaban kowa ba, ko a tsakiyar zafi, suna yara har suna yi masa tsiya wai kunya yake ji kamar amarya. Kuka ya taso mata ta danne shi, don ba ta zo nan ta yi kuka gaban Auta ba.

"Akwai wata takarda a manne," in ji dattijon. Allurar da aka manne ta da ita ta yi tsatsa har ta ci takardar. Wasiƙa ce daga attajirin zuwa ga babban Baturen, bayan an yi bulalar. Yana cewa ɗansa Dogo bai taɓa barin gida ba, wannan mai tayar da fitinar wani bara ne na gidansa, don haka a goge sunan gidansu daga wannan abin kunya, su masu biyayya ne tun kakanni. A ƙasa Baturen ya rubuta cewa an fito da fursunan an tambaye shi, ya ce sunan da aka kira ya amsa, a kansa aka zane shi, ba zai mayar ba. Baturen kuma ya rufe da cewa littafin gwamnati ba a gyara shi.

"Wani bara," in ji Injiniya. "Malam, duba da kyau. Ya faɗi sunansa? Nasa na ainihi?"

Dattijon ya bi wasiƙar layi-layi da yatsa, ya juya bayanta, ya koma littafin, ya duba shafin gaba da na baya. Ya cire tabarau ɗin duka biyu.

"Wani bara na gidana. Haka kawai ya rubuta, Hajiya."

Ya buga musu kwafin shafin da wasiƙar, ya sa hatimi, ya sa hannu. A hanyar gida Auta ya yi ta surutu, yau ga shi jikan jarumi, har da cewa dama shi tun yana yaro yake jin wani abu a jininsa. Injiniya kuwa hankalinta na wani wuri. Tunani ɗaya ne ya tsaya mata a rai: wata mace ta haifi yaron nan, ta zaɓa masa suna, ta kira shi da shi yana rarrafe, kuma yau duk duniya babu wanda ya san sunan.

Ranar ashirin da shida cikin talatin ɗin suka je gidan bene. Injiniya ba ta sake kaya ba, da rigar aikinta ta je, mai tabon mai a hannu. Aka zaunar da su a wani falo mai sanyi da kujerun da ke haɗiye mutum. Ƙafafun Auta ba su kai ƙasa ba, ya matso bakin kujerar ya zauna a ɗarare. A bangon da ke fuskantarsu akwai wani ƙaton hoto cikin firam mai ruwan zinariya: wani zabgegen dattijo zaune, ya baza tafukansa biyu a kan gwiwoyi don zobba su fito.

Darakta ya shigo yana sunkuyawa kaɗan a ƙofa, don shi kam tsawon ya gada. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar wanda ya saba a zo roƙonsa.

"Malama, sannunku da zuwa. Na san takardar ta yi tsauri, ku yi haƙuri da lauyoyi, haka bakinsu yake. In ƙarin lokaci kuke so, sai a duba."

"Ranka ya daɗe, wannan ne kakan naka?" in ji Injiniya, tana nuna hoton.

"Shi ne. Shi ne Dogo." Ya juya ya dubi hoton da irin kallon da yake yi masa gaban baƙi. "Bayan gadar da shekara ashirin aka ɗauka."

"Allah ya jiƙansa. Ƙirga min yatsunsa."

"Na'am?"

"Idona ba shi da kyau daga nesa. Nawa ne?"

Darakta ya yi murmushi ya dubi Auta, wai ko akwai mai hankali a cikinsu. Auta ya dubi silin.

"Goma mana."

Ta ciro kwafin ta shimfiɗa a kan teburin gilashi, ta ɗora faifan tagullar a kai da mabuɗin shagon da komai. Darakta ya yi karatu mai zurfi, ba ya bukatar mai fassara. Ya ɗauka yana karantawa a tsaye, da ya kai jan tawadar sai ya zauna. Ya karanta wasiƙar sau biyu. Ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya daɗe yana dubawa, kuma a gaskiya Injiniya ta ɗan tausaya masa a lokacin. Ta gane bai sani ba. Shi ma ba shi labarin aka yi yana yaro a kan cinya, ya girma da shi, ya tsufa da shi. Amma tausayin bai kai ya sa ta tattara takardunta ba.

"Wa ya ga wannan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni, da ƙanena, da mai tsaron takardu. Da Baturen da ya rubuta, in yana inda zai tuna."

Darakta ya ajiye takardar a kan teburin. Da ya sake magana, ya bar ce mata Malama, wata kalmar ta zo.

"'Yar'uwa, ki saurare ni. Zan sa a janye takardar lauya yau ɗin nan. Allonku ya zauna inda yake. Littafin tarihin iyali da muke bugawa, zan sa a buɗe muku shafi, a ce ku reshe ne na gidan nan. Ranar buɗe gidauniya kujerarku tana sahun gaba. Abu ɗaya nake roƙo, wannan takardar ta zauna a aljihun tebur. Mahaifiyata tana da rai, shekararta casa'in. Jikokina a makaranta da labarin nan ake nuna su."

Auta ya taɓa ta da gwiwa. Ya sake taɓawa. Abin da suka zo nema ke nan, har da ƙari, ga shi an miƙo musu a ruwan sanyi.

"Daina zungurina, Auta," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ranka ya daɗe, ka ji kamar na zo roƙon a bar mana suna ne? Wa zai bar wa wa? Kakanka yana kwance a ɗaki aka kira sunan nan a fili, nawa ya amsa. Yatsu biyu ya bari a ƙarƙashin ƙarfe. Bulala ashirin da huɗu ta sauka a bayansa. Da abin ya zama abin kunya, ga shi nan da hannun mai gidan, kun ce ba naku ba ne. Da Turawa suka tafi ya zama abin alfahari, kuka ɗauko kuka rataye a falo. Yanzu kuma ni za a buɗe wa shafi a ce reshe?"

"Ba ni na aikata ba."

"Na sani. Amma kai ka aiko min da takarda ka ce bara ya ari suna."

Darakta ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "To me kike so?"

"Kun ce sunanku kuke so a mayar muku. Na yarda." Auta ya zaro ido. "Wallahi na yarda. Amma musaya aka yi, sai a warware ta yadda aka ƙulla. Yaron da aka kawo gidan nan yana da sunansa. Shekara nawa yana ɗebo muku ruwa, ai da wani abu ake kiransa. Ku nemo min sunan da uwarsa ta sa masa. Ranar da kuka kawo, ni da hannuna zan hau kujera in sauke allon, ku riƙe naku."

Darakta ya tashi ya shiga ciki. Suka ji takunsa a matakala, suka ji an buɗe wata ƙofa a sama, suka ji muryarsa yana ɗaga ta yadda ake yi wa tsofaffi. Injiniya ta damƙe hannun kujerar. Duk taurin kan da ta shigo da shi, a lokacin da za a sauko mata da sunan, da ta ba da allon da shagon da kekunan ciki ba ta waiwaya ba.

Ya fi minti goma kafin ya sauko. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ƙaraso ba.

"Ta ce ta ji ana maganar wani yaro mai ɗebo ruwa, wanda aka tura gada. Ta ce ba ta taɓa jin an ambaci sunansa ba."

Injiniya ta gyaɗa kai. Ta ninke takardunta, ta ɗauki mabuɗinta.

"To ka gaya wa lauyanka ina shago. Ba na zuwa rediyo, ba na kai ƙarar kowa, ka ba da labarinka yadda ka ga zuciyarka za ta ɗauka. Amma takardar nan ba za ta shiga aljihun tebur ba. Tashi mu je, Auta."

Ranar da kwana talatin suka cika, da safe, maƙwabta suka ga Injiniya ta taka kujera tana kwance allon. Mai sayar da zare na gefenta ya fito yana salati, wai ashe dai masu gidan bene sun yi nasara. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Kafin azahar sai ga mai fenti da wani sabon allo a kan amalanke, ya ninka tsohon sau biyu, har sai da ya ɗan ci gefen shagon mai zaren. Rubutun bai canza ba, sai dai haruffan DOGO sun yi girman da za a karanta su daga bakin gada. A gefe an zana tafin hannun hagu mai yatsu uku, a ƙarƙashinsa ɗari huɗu da sha bakwai. Cikin shagon kuma, daidai inda mai kawo gyara ke tsayawa, ta rataye kwafin shafin da wasiƙar a firam, da fassarar da Auta ya rubuta da hannunsa mai kyau na malamai. Shi da ya ce a sauke allo, yanzu shi ke tsare mutane yana yi musu bayani ko ba su tambaya ba.

Lauya bai sake aiko da komai ba. Ranar buɗe gidauniyar ta zo ta wuce, wasu sun ce Darakta ya taƙaita jawabinsa sosai, wasu sun ce mura ce ta kama shi.

Da la'asar ɗin ranar da aka ɗaga allon, Auta ya ɗauko Gwaggo a mota. Suka fito da ita a hankali, ta tsaya a gefen titi da sandarta, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo.

"Mai fentin nan bai iya ba," ta ce. "Na tsakiyan a karkace yake, ba a miƙe ba. Ya karkata wajen babban yatsa."

"Za a gyara, Gwaggo."

"A gyara." Ba ta sauke kai ba. "Shekara hamsin ina tare da shi, ban taɓa cewa Baba, da can wa ake ce maka ba. Ina zaune kusa da shi, yana zura zare. Da na tambaya, wataƙila da ya faɗa."

Injiniya ta riƙe ta, wannan karon kuma ba ta danne nata kukan ba, ko da Auta na kallo. Gwaggo ta ɗaga hannunta na hagu wajen allon, ta lanƙwashe ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ta bar ukun a tsaye.

"Baba," ta ce, yadda take kiransa in ta kawo masa ruwa shago. "Baba, ga mu nan."